Har Dalma Ta Taɓa Ƙasa

Ni dai a sanina ɗalibi na aura, mai tabarau da jakar kwamfuta. Sai da muka tare a Kuala Lumpur, a wani dogon bene da ke Bukit Jalil, shi yana digirinsa na uku ni ina na biyu, sannan na gane ashe masunci aka ba ni. Mutumin Yawuri ne, ɗan Sarkawa, ubansa da kakansa duk a cikin kwalekwale suka yi furfura. Ni kuwa 'yar Bukuru ce. Ruwan da na sani shi ne na famfo, sai kuma na kududdufan kuza da aka hana mu ko leƙawa tun muna yara.

Kafin aurenmu ya yi karatu a wata ƙasa mai sanyi, a can ya koyo wani irin su da ban taɓa jin labarinsa ba. Ba tana, ba ƙullin gari, ba komai na ci a bakin ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare ake naɗa wa ƙugiyar har ta yi kama da ƙwaro, shi ya sa yake ce mata ƙuda. Teburinmu na cin abinci ya koma wajen ɗaurin ƙuda. Idan na ce zan je kasuwar unguwar Masjid India sayen mayafi, sai ya maƙale mini, ya bar ni a shagon yadi ya shige wajen masu zaren ado da duwatsun kwalliya. Na sha tsintar gashin zakara a cikin miya, wallahi, kuma idan na yi magana sai ya ce ai ƙarin nama ne.

"Zauna ki ji, 'yar Bukuru," haka yake ce mini idan abin ya motsa masa. Sai ya buɗe akwatin ƙudajensa ya fara karatu. Wai a can akwai kifin da ake kira samon, da wani ɗan'uwansa sitilhed, masu baro teku su hau kogi. Lokacin ƙanƙara ruwa yana yin sanyi, kifi ya kwanta can ƙasa ba ya son motsi, to sai a naɗa wa ƙuda dalma mai yawa, a gajarta siririn zaren da ke tsakanin igiya da ƙugiya, wanda yake kira lida, don ƙudan ya sauka har gaban hancin kifin. Idan ƙanƙara ta narke kogi ya cika ya yi jawur, a ƙara nauyi. Idan zafi ya shigo ruwa ya ja baya ya yi garau, sai a cire dalmar kusan duka, a tsawaita lida, don kada kifi ya tsorata.

"To Malam," na ce masa, "a garin nan da kullum zafi, kullum ruwan la'asar, wane lokaci kake ɗaura wa? Kuma samon ɗin nan naka ni a firjin kanti kawai nake ganinsa, an yanka shi an rufe da leda."

Dariya kawai yake yi. Amma abu biyu ya nanata mini har na haddace su ba da son raina ba. Na farko, idan kana neman kifin da ya kwanta, ka yi ta ƙara dalma har sai ka ji ta taɓa ƙasa, ta yi maka ƙyas-ƙyas a hannu. Idan ba ka ji ƙasa ba, ba ka fara su ba. Na biyu, mai wannan su ba ya tsayawa wuri ɗaya. A cikin ruwa yake tsayawa da wandon roba har ƙirji, ya jefa, ya bar ƙuda ya zagaya, ya ƙara taku ɗaya gaba, ya sake jefawa. Ya ce ƙafarsa ta saba har ba ta neman izininsa.

Da fari a kan ciyawar bakin tafkin Titiwangsa yake zuwa motsa hannu, ba ƙugiya, sai ɗan ulu a bakin zare, masu gudun safe suna kallonsa. Daga baya wani ya kwatanta masa wani ruwa a bayan gari inda ake barin mutane su yi fatsa. Ranar wata Asabar na yi mana tapau, wato ƙunshin abinci, na soyayyar shinkafa a wajen mamak, masu shagon abinci na unguwa, muka kira mota ta waya muka tafi. Muna sauka na ga tsibin farin yashi, na ga ruwan kore shar, kwance, ko motsi ba ya yi, sai na juya wajensa.

"Malam, wannan ramin kuza ne."

"Tafki ne dai."

"Na ce maka ramin kuza ne. A cikinsu na girma. Ba kogi ba ne da zai riƙa saukowa da kai a hankali. Yashi ne ɗan kaɗan a baki, daga nan sai rami ya yanke tsaye. Can ƙasa kuma laka ce mai riƙe ƙafa."

Ya gyara tabarau ya ce, "'Yar kan dutse za ta koya wa Basarke ruwa." Na ji haushi ƙwarai, na koma gindin bishiya na cinye rabona da rabin nasa. Amma a lokacin abin wasa ne. Ƙananan ƙudaje marasa nauyi yake jefawa daga baki, kifi ya taso ya cafke, ya ciro ya duba ya mayar. Mu dawo gida yana ta surutu.

Surukina, wanda duk muke ce wa Baba, sau ɗaya na taɓa ganinsa a bakin aikinsa, lokacin da aka kai ni Yawuri gaisuwa bayan biki. Dogo ne, baƙi, ba shi da yawan magana. Da yamma ta yi ya jawo igiyarsa, ya cire ƙugiyar ƙarshe, ya yi wa bakin igiyar wani ƙulli mai kunne biyu, ya ja da haƙori, sannan ya ce, "To, ruwa ya sallame mu." Na tambayi mijina, ya ce haka Baba yake yi kullum idan an tashi, shi kaɗai ke wannan ƙullin, kuma da zarar ya yi shi ko giwan ruwa ce ta yi tsalle a gabansa ba zai sake jefawa ba. Da mijina zai tafi karatu ƙasar waje, Baba bai ba shi komai ba sai 'yan dalmomi da ya kwance daga bakin tsohon birginsa, wato ragar jifa. Suna cikin wani gwangwanin alawa a kan teburin, ba ya taɓa su.

Ranar da ƙaninsa ya bugo waya muna cin abincin rana ne, a gida kuwa gari bai daɗe da wayewa ba. Ina jin muryar yaron daga inda nake zaune. "Yaya, jirgi ya kife da su Baba jiya, a hanyar dawowa daga kasuwa." Damina ce, kogin Kwara ya cika ya batse. An tsamo wasu da rai, an tsamo wasu babu rai. Baba ne ba a gani ba.

Fasfo ɗinmu a lokacin yana wajen sabunta biza, ba halin tafiya. Sai waya. Kullum ƙanin zai kira ya ce mazan gari sun fita, sun ɗaura wa mamari dalma, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, suna jan ta a ƙasan ruwa gurbi bayan gurbi. Mijina zai tambaya, "Kuna jin ƙasa kuwa? Ku ƙara nauyi, ruwan yana da ƙarfi, igiyar tana tashi." Har aka gaji. Manya suka ce a haƙura, aka yi wa Baba salla ba gawa, aka zauna karɓar gaisuwa, Inna, mahaifiyarsa, ta shiga takaba.

Shi kuwa ya ce bai yarda ba. 'Yan'uwa ɗalibai suka cika mana falo sun zo ta'aziyya, wani dattijo a cikinsu ya ɗaga hannu ya fara "Allah Ya jiƙan..." sai mijina ya tare shi. "A'a, ranka ya daɗe. Ba a ga gawa ba." Ya zuba musu shayi, ya shiga yi musu hirar bincikensa. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido. Bayan sun watse ya ce mini, a hankali, ba faɗa, kada ya ƙara jin wannan addu'ar a gidansa. Basarke ba ya nutsewa, in ji shi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Bai yi kuka ba, bai daina zuwa makaranta ba, sallarsa ma ba ta canja ba. Ƙudajen ne suka canja. Da can idan ɗaya ya faɗo daga tebur ba a jin ƙararsa. Yanzu sai na ji ƙwal a kan tayil. Ya daina sayen zare mai launi, duk baƙaƙe yake ɗaurawa, ya naɗa dalma ya sake naɗawa har ƙudan ya yi ciki. Na tambaye shi ko lokacin ƙanƙara ne ya zo Bukit Jalil, don in ga ko zai yi dariya. Ya ce, "Ruwan yana da zurfi," ya ci gaba da naɗi.

Asabar ta koma Asabar da Lahadi, daga baya har da ranakun aiki bayan azahar. Ya daina zuwa da labarin kifi. Idan ya shigo na ce, "Sannu da zuwa, an samu?" amsarsa ɗaya ce kullum: "Ban ji ƙasa ba tukuna." Ya zauna ya ƙulla wani zaren a kan lidar ya ƙara mata tsawo. Shi da bakinsa ya koya mini cewa ƙuda mai nauyi da gajeriyar lida yake tafiya, to ga shi yana haɗa nauyi da tsawon da ya fi falonmu. Wandon robar nan da ya kwaso daga ƙasar sanyi, wanda tun zuwanmu yake ƙasan akwati, sai ga shi a rataye a baranda yana ɗiga. Kullum kuma alamar laka a jikinsa tana ƙara hawa: gwiwa, cinya, ƙugu.

Wata rana da hantsi ina shara na ɗaga gwangwanin alawar nan, na ji shi sakayau. Na buɗe, saura dalma ɗaya. A gefen tebur ga guduma, ga ɓarɓashin dalmar Baba da ya daddaka ya yanka siri-siri. A nan tsaye da tsintsiya a hannu na gane abin da ya kamata in gane tuntuni. Ba kifi mijina yake nema ba. Jan mamarin da bai samu yi a Yawuri ba shi yake yi a nan, a ramin kuzar wata ƙasa, da ƙugiya ɗaya. Na zauna a ƙasa.

Da ya dawo na tare shi a ƙofa. Ban iya lallashi ba, ban taɓa iyawa ba. "Malam, kana da hankali kuwa? Baba a Kwara ya faɗa! Me zai kawo shi Malesiya? Ta ƙarƙashin ƙasa zai biyo?"

Ya dube ni kamar ni ce mai abin mamaki. "Na sani. Ni ma na yi karatu ai." Ya ajiye sandar fatsar a lungu. "Kawai so nake in ji ƙasa. Idan na ji, shi ke nan."

"Ramin nan ba shi da ƙasa! Na gaya maka ba shi da ƙasan da za ka ji!"

"Duk ruwa yana da ƙasa," ya ce, ya shige wanka.

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na san ƙafar nan tasa da ba ta neman izini, na kuma san inda yashin irin wannan rami yake ƙarewa. Na ɓoye wandon robar a ɗakin wata ƙawata a hawa na ƙasa. Bai tambaye ni ba, washegari ya tafi da wandonsa na gida ya dawo a jiƙe har ƙirji. Na dawo masa da na robar, na ce daga yau duk inda za shi da sandar nan ƙafata ƙafarsa.

Ranar da abin ya faru mun isa bayan azahar. Ba kowa sai wani tsoho ɗan ƙasar yana naɗe kayansa. Ya dubi wandon roba, ya nuna ruwan, ya kaɗa hannu ya ce, "Tak boleh, lah," wato ba a yi. Mijina ya yi masa murmushi ya gode. Tsohon ya hau babur ɗinsa ya tafi, ƙarar ta yi nisa ta ɓace, wurin ya yi tsit. Hadari ya haɗo ta gabas amma ko ganye ba ya motsi. Wani tsari da ke kwance a kan yashi ya sulale ya bar wurin. Ban ji tsuntsu ko ɗaya ba.

Mijina ya ɗaura ƙudan da ya naɗa wa dalmar Baba ta ƙarshe. Ya shiga. Ya jefa, ƙudan ya faɗa ruwa da ƙara kamar an jefa tsakuwa, ya tsaya yana sakin igiya, yana saki, yana saki. Ya jawo. Ya ƙara taku. Ya sake jefawa. Ina tsaye a baki ina cewa, "Malam, ya isa nan." Bai juyo ba. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya wuce. Daga inda nake ina ganin inda farin yashi ya ƙare a ƙarƙashin ruwa, baƙi ya fara, layi ɗaya kamar an ja da wuƙa, kuma bai fi tsawon hannu tsakaninsa da wurin ba.

Sai na ga bakin sandar ya yi ƙyas. Ya sake yin ƙyas-ƙyas. Ba fizgar kifi ba ce, na sha ganin fizgar kifi. A hankali ne, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ta gidansu ce.

"Kin gani?" ya ce, da wata murya ta ƙaramin yaro. "Kin gani? Ga shi nan."

Igiyar ta miƙe, ta fara tafiya gaba, ba sauri. Ya ɗaga ƙafa.

Ban iya ruwa ba, ko a kwatami ban taɓa shiga ba. Ban san lokacin da na shiga ba, da hijabina da takalmina da komai. Sanyin ruwan ya ba ni mamaki, a garin da ko ruwan famfo ɗumi gare shi. Na kai gare shi na cafki igiyar wandon ta baya na riƙe da hannu biyu. Yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata, ruwa ya kai mini wuya.

"Wallahi idan ka taka, tare za mu tafi," na ce. "Ba zan saki ba. Sai a kira Inna a gaya mata an ƙara mata biyu da ba a gani ba."

Ya tsaya da ƙafa a sama. Ban san tsawon lokacin ba. Ƙafata ɗaya ta zame, na sha ruwa, na shaƙe. Wannan tarin nawa ne ya juyo da shi. Ya saƙalo ni da hannu ɗaya, ya yi baya da ni, yana ja, sandar tana ɗaya hannun, har muka zube a kan yashi. Ina tari ina zaginsa, ban ma san me nake faɗa ba. Shi kuwa yana ta cewa, "Ke mahaukaciya ce? Ba ki iya ruwa ba fa!"

Igiyar ta riga ta saki. Ya zauna yana naɗe ta, doguwar lidar nan tana fitowa ba ta ƙarewa. Da bakinta ya fito babu ƙuda, babu dalma. Ba tsinkewa ta yi ba irin yadda zare ke tsinkewa ya bar baki a murɗe. Ƙulli ne a wurin, mai kunne biyu, an ja shi tam.

Na yi ta tunanin wannan abu shekara da shekaru. Siririn zare mai tsawo haka yana iya harɗewa da kansa, shi ma ya sha gaya mini. Mai yiwuwa kuma hannunsa ne ya ƙulla tun a gida bai sani ba, hannun ɗan Baba ne ai. Ban sani ba, kuma ban taɓa cewa na sani ba. Abin da na gani da idona shi ne ƙullin da na gani a Yawuri, a bakin igiyar wani dogon tsoho da yamma.

Ya ɗora shi a tafin hannu yana kallo. Ruwan sama ya fara sauka, manyan ɗigo, fuskar ramin ta ɓaci da su. Leɓensa ya motsa, na matsa kusa don in ji.

"Ruwa ya sallame mu," ya ce.

Sai ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya kifa kai a gwiwa da wandon roba cike da ruwa. Na bar shi ya yi. Ni ma ina yi. Da ya ɗan lafa na dafa kafaɗarsa, ko da yake ban manta da abin da ya hana a gidansa ba.

"Malam," na ce, "Allah Ya jiƙan Baba."

Ya ɗago kai. Ruwa yana ta dukanmu.

"Amin," ya ce. "Amin. Ba ni wayarki in kira Inna, ban yi mata gaisuwa ba."